Darasi: Hana Yaro Alkama da Nono Yana Warkar da Otizim?

A wata ziyara da ma'aikatanmu na lafiya suka kai wani ƙauye a ƙasar Bichi, wata uwa ta jira har aka watse daga taron zumuntar mata, sa'an nan ta jawo hannun ɗanta ta zo. Yaron shekararsa biyar. Ba ya magana sai kalma biyu ko uku. Ba ya kallon idon mutum. In an kira sunansa sai ka ce bai ji ba, amma ƙarar injin niƙa daga can bayan gari takan sa ya toshe kunnuwa yana kuka. An kai shi asibiti a Kano, likita ya ce otizim ne. Bayan haka ƙanen mijinta da ke aiki a Abuja ya aiko saƙo ta waya, ya ce a ƙasar Turawa an gano maganin abin: a hana yaron duk abin da aka yi da alkama, a hana shi nono da madara, zai fara magana. Wata uku ke nan ta daina dama masa fura da nono. Ta ce wa ma'aikaciyarmu, "Malama, har yanzu bai yi magana ba, ga shi kuma yana ramewa. In ci gaba ne ko in bari?"

Wannan tambaya ba tata ce ita kaɗai ba. Mun ji ta a wasu wuraren, shi ya sa muka shirya wannan darasi. Yana da kyau a karanta shi tare, a zumuntar mata ko a taron iyaye, a tsaya a tattauna inda ya kamata.

Mene ne otizim?

Otizim, wanda wasu a rediyo kan kira galahanga, bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro take girma. Tun yaro yana ciki abin yake farawa, amma yawanci sai ya kai shekara biyu ko uku iyaye suke lura. Alamominsa sun shafi magana, da cuɗanya da mutane, da son maimaita abu ɗaya, kamar kaɗa hannuwa ko jera duwatsu, da rashin jure ƙara ko wani irin wari ko taɓin wata tufa. Wani yaron ba zai taɓa yin magana ba, wani kuwa zai yi karatu har ya fi sa'o'insa. An fi ganinsa ga yara maza. Wani likita mai suna Leo Kanner ne ya fara bayyana shi dalla-dalla a Amurka a 1943, bayan ya lura da yara 11. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro ɗaya cikin ɗari yana da shi. Gado yana da babban hannu a ciki. Ba sammu ba ne, ba iskoki ba ne, yaron ba ɗan ruwa ba ne, ba kuma wani laifi uwarsa ta yi ba.

Gulutin da kesin

Saƙon da aka aiko wa wannan uwa ya tsaya a kan abubuwa biyu. Na farko shi ne gulutin. In kin taɓa kwaɓa fulawa kika ga tana danƙo tana miƙewa, to wannan danƙon shi ne gulutin. Ana samunsa a alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ba ma nomawa a nan. Na biyu shi ne kesin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin madara. Shi ne yake daskarewa in madara ta kwana ta zama kindirmo, da shi kuma ake yin cuku.

Tun wajen 1979 wani masani a Amurka, Jaak Panksepp, ya kawo tunanin cewa wataƙila wasu sinadarai masu aiki kamar ƙwayar sa maye ne suka yi yawa a jikin masu otizim. Daga baya wani likita a ƙasar Norway, Kalle Reichelt, ya ce mai yiwuwa daga alkama da madara suke fitowa: hanjin yaron bai narkar da su sarai ba, ɓurɓushinsu ya shiga jini ya kai ƙwaƙwalwa. In haka ne, cire su daga abinci zai kawo sauƙi. Maganar tana da daɗin ji, iyaye kuma suka kama ta hannu biyu-biyu, gama wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ba mu ga laifinsu ba. Amma tunani dabam, abin da aka gani da aka gwada dabam.

Abin da aka gani sa'ad da aka gwada

A 2002 aka buga wani bincike daga Norway a kan yara 20. An sa goma a kan wannan tsarin abinci har shekara guda, goma kuma suka ci gaba da cin abincinsu. Aka ce waɗanda aka hana sun ɗan fi samun ci gaba. Sai dai akwai matsala. Iyayen sun san ɗansu yana cikin waɗanda aka hana, kuma daga bakinsu aka karɓi yawancin labarin. Dukanmu mun san yadda zuciyar uwa take. In ta wahala wata da watanni tana girki dabam, duk ɗan murmushin da yaro ya yi za ta ce aikin abincin ne.

Saboda haka wasu suka sake gwaji ta hanyar da ba wanda zai sani. A Jami'ar Florida, a 2006, an ba yara 15 abinci iri biyu masu kama da juna, mako shida wannan, mako shida wancan, ba tare da iyaye ko masu lura sun san wanne ne mai alkama da madara ba. Ba a ga wani bambanci ba. A 2016 wata likitar yara, Susan Hyman, da abokan aikinta a Jami'ar Rochester suka buga nasu. Sun sa yara 14 a kan tsarin na wasu makonni, ƙarƙashin kulawar masanin abinci, sa'an nan kowane mako, har mako 12, sai a ba yaro ɗan abin taɓawa. Wani makon da gulutin a ɓoye a ciki, wani makon da kesin, wani da duka biyun, wani kuma ba kome. Da maganar gaskiya ce, ranar da yaro ya ci na alkama ko na madara ya kamata a ga ya birkice. Ba a ga haka ba, ko a halinsa, ko a barcinsa, ko a bayan gidansa.

Waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, masu yin su ma sun faɗi haka. Amma har yanzu babu wani babban gwaji nagari da ya nuna cewa tsarin yana sa yaro magana ko yana kawar da otizim. Tun 2013 hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki, wadda ake kira NICE, ta ce kada a yi amfani da hana alkama ko madara a matsayin maganin otizim.

Akwai wata magana da takan zo tare da wannan, cewa allurar rigakafin ƙyanda ce ke lalata hanji ta kawo otizim. Daga wata takarda ta 1998 ta wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ta fito. An gano ba gaskiya a ciki, mujallar ta janye takardar a 2010, aka kuma hana shi aikin likita. Mu a Kano mun ga abin da ya biyo bayan dakatar da rigakafin shan inna a 2003 da 2004. Kada mu sake yarda jita-jita ta hana yaranmu allura.

Bari mu duba tukunyarmu

Ga abin da ya kamata ya sa mu tsaya mu yi tunani. Wannan tsari an ƙirƙiro shi ne a ƙasashen da alkama ce tuwonsu, safe da rana da dare. Mu fa? A gonakinmu na Bichi da Ɗambatta da Kunchi da Tsanyawa da Makoɗa, gero muke shukawa da dawa da wake da gyaɗa. Babu gulutin a gero. Babu a dawa, babu a maiwa, babu a masara, babu a shinkafa, babu a acca, babu a rogo ko dankali ko wake. Tuwon dawa da miyar kuka, koko da ƙosai, kunun tsamiya, waina, alale, dambun masara, ƙwallon fura: ko ɗaya babu gulutin. Abin da Bature ke biyan kuɗi mai yawa ya saya a kanti da sunan abinci na musamman, shi ne ke cikin rumbunmu.

Duk da haka muna da yara masu otizim a ƙauyukanmu, a gidajen da burodi sai ranar kasuwa ko ranar Kirsimeti. Da alkama ce ke kawo shi, da ba mu san shi ba.

Alkamar da ke shigowa gidajenmu ta hanyar burodi take zuwa, da gurasa, da taliya, da Indomie, da biskit, da fanke, da cincin, da funkaso, da alkaki, da Semovita, da fulawar da wasu ke haɗawa a ɗanwake. In iyaye suka ce za su rage wa yaro biskit da Indomie su koma ga tuwo da wake, ba mu da ja. Jikin yaro ba zai rasa kome ba. Kada dai su sa rai cewa wannan ne zai buɗe bakinsa.

Nono kuwa wata magana ce

A nan ne damuwarmu take. Yaron Amurka da aka hana madara yana da nama da ƙwai da kifi kullum, ana sayo masa abin sha da aka ƙara wa sinadarin ƙashi, akwai kuma masanin abinci mai auna masa kome. Yaronmu fa? A gidaje da yawa, nonon da 'yar Fulani ke kawowa a ƙwarya, ko ɗan abin da aka tatsa daga saniya ko akuya, shi ne kusan duk abin da yaro ke samu daga jikin dabba a mako. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A irin wannan hali, cire nono daga kwanon yaro ba ƙaramin abu ba ne.

Babban abin da nono ke bayarwa shi ne kalsiyum, sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku yana bukatar kimanin miligiram 500 a rana, ɗan shekara huɗu zuwa shida kimanin 600. Kofi ɗaya na nonon da ba a cika masa ruwa ba yana ba da kusan 300, wato rabin bukatar ke nan. Gero da dawa da masara kuwa kaɗan ne a cikinsu.

Ba sai mun je Turai ba mu ga abin da rashinsa ke yi. A Jos, Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa sun yi nazari a kan yara 123 masu ciwon laushin ƙashi, irin wanda ke sa ƙafar yaro ta lanƙwashe ta zama gwame ko ta yi baka. An buga sakamakon a 1999. A ƙasashen sanyi rashin hasken rana ne ke kawo wannan ciwo, amma a nan rana ba ta yi mana rowa ba. Abin da suka gano shi ne yaran suna samun kalsiyum kimanin miligiram 200 ne kawai a rana, kuma da aka ba su kalsiyum ƙasusuwansu suka warke fiye da na waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Wato yaranmu da yawa suna bakin gaɓa tun ba a hana su kome ba. A Amurka ma, wani bincike na 2008 a kan yara maza 75 masu otizim ya nuna ƙasusuwansu sun fi na sauran yara sirantaka, waɗanda aka hana madara kuma su ne suka fi muni.

Sai mu ƙara da halin yaran kansu. Yawancin masu otizim suna da tsananin zaɓen abinci. Wani ba ya cin abu sai fari, wani sai mai ruwa-ruwa, wani in aka canza masa kwano ya ƙi ci ke nan. Ba taurin kai ba ne, bakinsa da hancinsa ne suke jin abu fiye da namu. In abinci uku kawai yaro ke karɓa, ɗaya daga ciki fura da nono, muka cire shi, saura biyu. Abin da ya faru da yaron da muka fara da labarinsa ke nan.

Abu biyu kuma muke roƙo da babbar murya. Kada uwa ta yaye jariri da wuri don ta ji an ce madara ba ta da kyau. Nonon uwa zalla wata shida, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu, wannan bai canza ba. Kuma in yaro yana karɓar abincin tamowa a asibiti, wannan mai kama da tunkuza a 'yar leda, ku sani da garin madara a ciki. Kada a hana shi. Tamowa tana kisa, otizim ba ya kisa.

Yaran da da gaske abincin ke cutar da su

Ba mu ce babu su ba. Akwai ciwon da ake kira siliyak, inda gulutin ke cinye bangon hanji. Yaro yakan yi gudawa mai daɗewa, ciki ya kumbura, ya rame, jini ya ragu. A duniya kimanin mutum ɗaya cikin ɗari ne ke da shi. Mu masu aikin agaji muna da darasi a nan: a 1999 an gwada yaran Saharawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda fulawar agaji ta zama babban abincinsu, aka tarar fiye da biyar cikin ɗari suna da ciwon. Mai siliyak dole ya bar alkama har ƙarshen ransa, ko yana da otizim ko ba shi da shi. Da gwajin jini ake fara gano shi, kuma in an riga an daina ba yaro alkama gwajin ba zai nuna daidai ba. Don haka a je asibiti tukuna kafin a hana.

Akwai kuma yaron da jikinsa ke ƙin madara, ya yi borin jini ko amai ko kumburin baki da zarar ya sha. Wannan ma sai likita. Na uku, wanda ya fi yawa a cikinmu, shi ne wanda cikinsa ke ƙugi da iska da zawo in ya sha ɗanyar madara, saboda ba ya narkar da sukarin da ke cikinta. Tun 1971 wani bincike a Nijeriya ya nuna yawancin Fulani makiyaya suna narkar da shi, yawancin manyan Yarbawa da Ibo kuwa ba sa iyawa. Wannan ba ruwansa da kesin. Sau da yawa irin wannan yaro yakan sha kindirmo ko nono mai tsami lafiya lau, gama tsamin ya riga ya rage sukarin.

Yaron da ba ya magana ba zai iya cewa cikinsa na ciwo ba. Sai dai ya yi ihu, ya ciji hannunsa, ya buga kai, ya ƙi barci. In aka kawar da abin da ke damun cikinsa zai natsu, iyaye su ce otizim ya ragu. Ciwon ne ya tafi. Saboda haka in halin yaro ya canza farat ɗaya, mu fara duba jikinsa: kwana nawa bai yi bayan gida ba, akwai tsutsar ciki, haƙori ya ruɓe, kunne na ruwa, yana cin ƙasa? Taurin bayan gida ya yi yawa a cikinsu, kuma ruwan sha da ganye da wake da gwanda sukan taimaka.

In iyaye sun ce lalle sai sun gwada

Ɗansu ne, ba za mu yi musu dole ba. Amma a yi shi da ido buɗe. A fara kai yaro a auna nauyinsa, a gaya wa ma'aikacin lafiya abin da ake shirin yi. Yaron da ya riga ya rame, ko bai kai shekara biyu ba, ko abincin da yake karɓa bai wuce uku ko huɗu ba, kada a gwada da shi. A cire abu ɗaya kawai, kuma mu a ganinmu a fara da alkama, tunda barinta ba ya rage kome. A sa wa'adi, kamar mako shida. A sami wani wanda bai san an canza abincin ba, ko malamar makarantar Lahadi ko wata gwaggo, a riƙa tambayarta yadda ta ga yaron. In wa'adi ya cika ba a ga canji ba, a mayar masa da abincinsa.

In kuwa likita ne ya ce a bar nono, to dole a cike gurbin. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa har da ƙayarsu su ne kan gaba. A Jos ɗin nan an gwada garin kifi a kan yara masu laushin ƙashi, aka buga a 2015 cewa yana warkarwa. A daka a riƙa zuba cokali a miya ko a kunu. Sai kuka da zogale da rama da riɗi, da tamba ga wanda ya same ta a kasuwa. Ƙwai da wake da awara da ƙuli-ƙuli suna gina jiki. Amma a sani madarar waken suya da ake yi a gida ba ta da kalsiyum kamar na nono, farinta ne kawai iri ɗaya. Mu kuma yi hankali da masu tallar gari ko ƙwayoyi masu tsada da sunan maganin otizim. Mun ga gidan da aka sayar da tunkiya saboda su.

Abin da aka tabbatar yana taimakon waɗannan yara ba a kanti yake ba. A kai yaro a gwada jinsa, gama wani kurma ne ba a sani ba. In yana faɗuwa ko yana ƙafewa da ido, a faɗa wa likita, domin farfaɗiya takan zo tare da otizim kuma tana da magani. Daga babban asibitin Bichi ko na Ɗambatta ana iya tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin yara na Hasiya Bayero. A gida kuma, a zauna da shi a ƙasa a yi wasan da yake so, a yi masa magana da gajerun kalmomi, a nuna masa abu a faɗi sunansa, a jira shi. In ya miƙa hannu ko ya nuna da yatsa, wannan ma magana ce, a amsa masa. A sa lokacin ci da na barci su zama ɗaya kullum. Sabon abinci a sa ɗan kaɗan a gefen wanda ya saba, yau da gobe, ko sau goma sha ne, ba tare da ɗure ko duka ba.

Ga abin da za mu tattauna a ƙungiyoyinmu. Yara nawa muka sani a ƙauyenmu da ake kullewa a ɗaki ranar Lahadi don kada su dami sujada? In ƙarar ganga da lasifika ce ke firgita yaro, akwai inuwar da wani zai zauna da shi a waje, uwarsa ta sami shiga ko sau ɗaya a wata? Gidajen da ke da saniya ko akuya mai nono, za su iya ware kofi ɗaya domin irin wannan yaro?

Uwar nan ta ƙasar Bichi, mun auna ɗanta muka tarar nauyinsa ya ragu. Ma'aikaciyarmu ta tambaye ta ko nono ya taɓa sa shi zawo ko ƙuraje, ta ce ko sau ɗaya. Aka ce ta mayar masa da furarsa a ranar, ta ƙara da garin kifi a miya, ta dawo da shi awo bayan mako huɗu. Ta ce abin da ya rage mata shi ne yadda za ta gaya wa ƙanen mijinta ba tare da ya ga an raina taimakonsa ba. Muka ce mijinta ya kira shi ya yi masa godiya, ya karanta masa wannan darasi.